Idan masana'anta ta kasa biyan bashi, wa zai kai ta kotu?

Da yawanmu mun san ƙofofin masana'antun da suka durƙushe a Sharaɗa, Challawa da Bompai. Amma kulle ƙofa daban, rushe kamfani a kotu daban. Idan kotu ta shiga, akan naɗa wanda zai sayar da injina ya biya masu bin bashi, har da ma'aikatan da ke bin albashi.

A Najeriya, dokar kamfanoni ta 2020, a lokacin da aka kafa ta, ta ce mai bin kamfani fiye da naira 200,000 ya aika takardar neman kuɗinsa. In mako uku ya wuce shiru, sai Babbar Kotun Tarayya. Dokar 1990 naira 2,000 kacal ta sa! Ingila ma mako uku ne, in bashin ya haura fam 750.

Amurka ta fi tsaurarawa: in masu bin bashi sun kai 12, sai uku sun haɗa kai. Amma kamfanin da kansa yana iya neman kariyar kotu, injina na juyawa yana biya a hankali. Mu dai wannan ya fi burge mu, domin iyaye ba za su zauna gida ba. A Jamus kuwa, shugabannin kamfani ne dole su kai kansu cikin mako uku.