Amfanin Koyon Manhaja Ga Masu Kula Da Ayyuka A Fagge

Mai kula da aiki shi ne wanda aka ɗora wa alhakin kammala aiki cikin wa'adi da kasafin da aka ware, kuma aiki irin na sake gina rumfunan kasuwar Sabon Gari da ke ƙaramar hukumar Fagge bayan gobarar 2016 yana nuna nauyin wannan amana, domin birkila na jiran siminti, kafinta na jiran birkila. Manhaja, wato tsarin da kwamfuta ke bi, irin su Microsoft Project da Primavera, tana jera ayyuka a jadawali, ta fito da waɗanda jinkirinsu zai tsayar da sauran. Sai dai ba ta gyara alƙaluman da aka shigar bisa kuskure, shi ya sa horo ya zama wajibi, don kada dukiyar 'yan kasuwa ta salwanta.