Kakaki da Tuba: Awon Bututu Shi Ne Murya

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar Hawan Sallah a Kazaure ya san kunne ne ke riga ido sanin Sarki ya fito. Tun ba a hango laima ba, sai wata murya mai kauri ta tsaga hayaniyar jama'a da haniniyar dawakai, ta hau, ta sauko, ta sake hawa. Mabushin ya ɗaga kakaki sama da hannu biyu, kumatunsa sun cika taf, jijiyoyin wuyansa sun tashi, ƙarfen yana ɗaukar ido a cikin rana. Mutanen da suka yi sammako daga Roni da Gwiwa da 'Yankwashi sai su fara ɗaga wuya, yara su nemi kafaɗar iyayensu. Kowa ya san mai busar da wanda ake yi wa busar. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne maƙerin da ya auna wannan dogon ƙarfe, ya naɗe shi, ya like shi har ya zama mai magana.

Kakaki ya daɗe a ƙasar Hausa. Tsohon littafin Tarihin Kano ya lissafa shi cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada, tare da figini da takalman gashin jimina. Ke nan lokacin da Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure wajen 1819, kakaki ya riga ya shekara fiye da ɗari uku yana shelar sarauta. Har yau ba a busa wa kowa shi don yana da kuɗi. Darajarsa ce ma ta sa muka ari sunansa muka ba mai magana da yawun wasu, muke cewa kakakin majalisa ko kakakin rundunar 'yan sanda.

Turawa suna da nasu babban abin busa na tagulla, suna kiransa tuba. Sunan ya yi kama da kalmarmu ta komawa ga Allah, amma babu abin da ya haɗa su, daga Latinanci aka samo shi. Wanda ya taɓa kallon badujalar soja ko ta 'yan sanda ranar fareti ya ga shi ko ƙanensa: wani ƙaton ƙaho da ake rungumewa a ƙirji, ko wanda ke naɗe jikin mai busa bakinsa yana leƙowa ta saman kai. Shi ne ke ba da muryar ƙasa da ka fi jinta a ƙirji fiye da a kunne. Idan aka gwada shi da kakaki, yaro ne ɗanye. A ranar 12 ga Satumba 1835 ne Wilhelm Wieprecht, shugaban makaɗan soja, da maƙeri Johann Gottfried Moritz suka yi rajistar ƙirarsa a birnin Balin na Jamus.

Abin da ya haɗa kakaki da tuba shi ne, babu wanda ke da murya a cikinsa. Algaita tana da ɗan tsinken bakinta da ke kaɗawa, ganga tana da fata, goge yana da izga. Kakaki kuwa bututu ne kawai. Leɓɓan mabushi ne ke kaɗawa. Yana matse su, ya turo iska, su riƙa buɗewa da rufewa da sauri, sai iskar da ke cikin bututun ta ɗauki wannan kaɗawa. Sauti yana tafiya a iska da gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Yana zuwa bakin ƙahon, wani sashe ya fita duniya ta ji, wani sashe ya dawo ya tarar da leɓɓan. Wannan kai da komo ne ke tilasta wa leɓɓa bin wani takamaiman sauri. Idan bututu ya yi tsawo, tafiyar ta yi nisa, kaɗawar ta ragu, murya ta yi kauri. Ka ninka tsawon, ka raba yawan kaɗawar biyu. Babban tuba, idan aka warware naɗinsa, bututunsa ya kai wajen mita 5.5, kuma muryarsa ta tushe tana kaɗawa kimanin sau 29 a daƙiƙa, kusa da iyakar kunnen ɗan Adam, wanda ba ya jin abin da ya gaza sau 20.

Bututu mai tsawo ɗaya ba ya ba da kowace murya da aka ga dama. Yana da matakai ƙayyadaddu, kamar tsani mai 'yan ƙafafu, kuma mabushi yana hawa daga ɗaya zuwa na sama ta hanyar ƙara matse leɓɓa. Shi ya sa galibi muryoyi biyu kake ji daga kakaki, ta ƙasa da ta sama. Bature ya ga wannan a matsayin ƙaranci, don waƙarsa tana son muryoyi da yawa, sai ya nemi mafita. Wajen 1815 Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel suka fito da dabarar maɓallai: ka danna ɗaya, iska ta bi ta wani ƙarin bututu, tsawo ya ƙaru nan take, murya ta sauka. Da maɓallai uku zuwa shida, mai tuba yana cike duk giɓin da ke tsakanin matakan.

Mu kuwa ba mu buƙaci haka ba, kuma nan ne nake ganin hikimar kakanninmu. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da sauka. Kukan jariri da kukar miya baƙaƙensu ɗaya, hawa da saukar murya ne ya raba su. Saboda haka muryoyi biyu sun ishi kakaki ya kwaikwayi magana, ya yi kirari, ya ce ga Sarki nan. Dattijon da ya tashi kusa da fada yana jin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, inda baƙo ke jin ƙara kurum.

To yaya ake sa a ƙera irin waɗannan kaya? A Jamus, gwanin mai busa da ke son tuba daidai jikinsa yakan je garuruwa irin su Markneukirchen, inda sana'ar ƙera kayan kiɗa ta samo asali tun ƙarni na 17. Za a zauna da shi a tambaye shi wace murya yake so, domin akwai mai bututun mita 3.7, akwai na 4.9, akwai na 5.5. Za a tambayi faɗin bututu, da girman bakin ƙaho, da yawan maɓallai, a duba tsawon yatsunsa. Ya ba da kafin alƙalami, ya koma gida ya jira watanni. Maƙerin zai yanka fallen tagulla, wadda haɗin jan ƙarfe ce da tutiya, ya naɗe shi, ya like, ya yi ta bugu da gasawa a wuta don ƙarfen ya yi laushi. Wajen lanƙwasa bututu, sai ya cika shi da dalma ko kwalta ko ruwan sabulu mai ƙanƙara, don kada ya lotse a gwiwa. Kowane awo a rubuce yake, kuma yaron da ke son sana'ar shekara uku yake yi yana koyo kafin a ba shi takardar shaida.

A nan gida, aikin kakaki na maƙeran fari ne, masu tagulla da azurfa, ba maƙeran baƙi masu fartanya da gatari ba. Da tagulla ake yinsa, amma an sha yinsa da kwanon garwar kananzir lokacin da ta wadata. Gaɓa-gaɓa ake yinsa, a harhaɗa lokacin busa, a kwance idan za a tafi, domin abin da ya wuce mita biyu ba ya ɗaukuwa cikin sauƙi a kan doki ko a mota. Mabushi kan zo da tsohon kakakin da ya gada, ya shimfiɗa shi a gaban maƙera bayan an gaisa, ya ce, "Baba, irin wannan nake so, amma muryarsa ta ɗan fi haka kauri." Tsoho ya auna da kamu da taƙi, ya leƙa cikin bututun ta hasken ƙofa, ya shafa gefen bakin busar da ɗan yatsa don ya ji ko zai yanki leɓe. Yaro yana kan zugazugi, muntalaga tana ta ƙwanƙwasa falle a jikin sandar ƙarfe har ya naɗu. Idan an like, sai a toshe baki ɗaya a hura, a saurara. Ramin da bai fi kan allura ba ya isa ya sa murya ta dushe, mabushi ya yi ta wahalar banza.

Akwai kuma abin da mabusa suka sani da jiki tun kafin kimiyya ta ba shi lissafi. Sauti ya fi gudu a iska mai zafi, kusan ƙarin mita 0.6 a daƙiƙa ga kowane digiri ɗaya. Don haka kakakin da aka busa da sanyin asubar hunturu muryarsa ta fi kauri kaɗan a kan yadda zai yi da azahar ɗin bazara. Mai tuba yana da wani yanki na bututu da yake ja ko turawa don ya gyara. Mai kakaki da leɓensa yake gyarawa.

Abin da ke damuna shi ne inda awon yake zaune. Na Bajamushe yana kan takarda, namu yana cikin kan dattawa da tafin hannunsu. Maƙerin fari ba zai rayu da jiran odar kakaki ba, domin abu ne da fada ke nema jefi-jefi, kuma idan an yi shi da kyau sai ya ga jikoki. Yaransa sun fi ganin riba a walda da ƙofofin ƙarfe, ba kuwa za a ga laifinsu ba. A watan Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan dabar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu, muka yi murna. Amma hawa ba doki da alkyabba ba ne kaɗai, akwai masu sirdi da masu linzami da masu ƙera abin busa, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa ba a lura ba.

Muna da abin da za a fara da shi a kusa. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana nan cikin Kazaure, da ɗalibai masu neman aikin bincike na kammala karatu. Ina roƙon majalisar masarautar Kazaure, da ta Ringim, su ba da izini a auna kakakin da ke hannun mabusansu: tsawon kowace gaɓa, faɗinta, kaurin ƙarfen, siffar bakin busa. A ɗauki muryar kowanne a naɗa, a rubuta ma'anar abin da yake faɗa daga bakin mabusan kansu. Sannan a nemo maƙerin da har yanzu ya iya aikin, a ba shi odar sababbi, a biya shi kuɗin da ya dace da gwanintarsa, da sharaɗin yara biyu ko uku su zauna gefensa daga yankan falle har zuwa busar gwaji.