Wayoyi 99 da cunkoson da babu mota ko ɗaya

A watan Fabrairun 2020 wani mai fasaha ɗan Jamus, Simon Weckert, ya fitar da bidiyon abin da ya aikata a birnin Balin. Ya tara tsofaffin wayoyi 99, ya kunna taswirar Google Maps a kowacce, ya zuba su cikin wani ɗan jan amalanke, ya riƙa jansa a ƙafa a kan titunan da suke fayau, har da wanda ya bi ta kusa da ofishin Google. Sai layin titin ya rikiɗe daga kore zuwa ja a taswira, alamar hanya ta cushe. Direban da ya dogara da wayarsa a lokacin zai iya kauce wa cunkoson da babu shi.

Abin lura shi ne na'urar ba ta yi ƙarya ba. Taswirar ba ta ganin motoci, wayoyi take ƙirgawa, kuma idan ta tarar da su da yawa suna tafiyar hawainiya a wuri ɗaya sai ta yanke cewa hanya ta toshe. Aikinta ta yi daidai yadda aka tsara mata. Mu ne muka ɗauki ƙiyasi a matsayin gani da ido, saboda ya zo mana cikin launi mai tsafta, ba inda-inda. A ganina nan darajar irin wannan fasaha take: tana nuna tazarar da ke tsakanin abin da na'ura ta auna da abin da muke zaton ta sani, tazarar da kamfanoni ba su da wata riba a bayyana ta.

Wani zai ce wannan ai tsokana ce, ina fasahar? Ba zane, ba sassaƙa. Wannan gardama ta haura shekara ɗari. A 1917 mai fasaha Marcel Duchamp ya aika tukunyar fitsari ta masana'anta zuwa wani baje-koli a New York, kuma tun daga lokacin aka samu reshen fasaha wanda tunanin da ke bayan aiki ya fi kayan aikin nauyi. Ma'aunin irin wannan aiki shi ne ko ya sauya yadda mutum yake kallon abin da ya saba da shi. Masana sun daɗe suna rubutu kan raunin irin waɗannan manhajoji, amma amalanke ɗaya ya isar da saƙon ga wanda bai taɓa buɗe mujallar kimiyya ba.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: mai yaudarar jama'a don ya koya musu darasi, ai shi ma mayaudari ne. Gaskiya ne akwai haɗari, amma bambancin yana ga tona asiri. Ɗan damfara yana cin riba ne muddin ba a gane shi ba, shi kuwa mai wannan fasaha aikinsa bai cika ba sai ya fallasa kansa. A 2023 Boris Eldagsen, shi ma Bajamushe kamar Weckert, ya lashe wani rukuni a gasar ɗaukar hoto ta duniya ta Sony da hoton wasu mata biyu mai kama da na zamanin da, sannan ya ƙi karɓar kyautar, ya ce ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa hoton, kyamara ba ta taɓa ganin matan ba. Da kyautar ya je nema, da ya kama bakinsa.

Wani lokaci ma abin yakan wuce jawo hankali kawai. A 2019 mai fasaha Trevor Paglen da mai bincike Kate Crawford sun buɗe ImageNet Roulette, inda mutum zai ɗora hotonsa, manhaja ta laƙaba masa suna bisa rumbun ImageNet mai hotuna sama da miliyan 14, wanda ake horar da kwamfuta gane abubuwa da shi. Mutane suka ga ana jifansu da kalmomin cin mutunci da na wariyar launin fata. Waɗannan laƙabobi kuwa mutane ne suka manna su tun farko, ma'aikatan intanet da ake biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A daidai wannan lokaci masu kula da rumbun suka sanar da cire hotunan mutane kimanin 600,000.

Saura tsoron cewa irin waɗannan ayyuka za su sa jama'a su daina yarda da komai, wanda shi ma bala'i ne, domin mai ƙaryata kowane hoto zai ƙaryata na gaskiya ma. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ya ce a jefar da waya. Kowanne ya nuna takamaiman wurin da ɗinkin ya ɓalle: taswira tana ƙirga wayoyi, alƙalan gasa suna iya kasa tantance asalin hoto, rumbun bayanai yana gadon son zuciyar waɗanda suka cika shi. Direban da ya san haka zai ci gaba da amfani da taswirarsa, amma idan ta nuna ja alhali titi a buɗe yake gabansa, ya san wanda zai gaskata.