Wayar Lasifika Ɗaya Ta Fi Ɗaya Tsawo: Shin Sauti Zai Lalace?

Mai karatu, a ce ka sayo kayan sauti daga kasuwar Sabon Gari a Kano, ka kawo su gida Ƙaraye ko Rogo don jeren ɗakin amarya. Da aka zo haɗawa, sai soket ya tilasta a ajiye amfilifaya a lungu: lasifikar hagu mita 2 ta ishe ta, ta dama kuwa sai mita 5. Nan take wani zai ce maka dole wayoyin su zo daidai, in ba haka ba sautin gefe ɗaya zai riga ɗaya isowa. Kafin ka sake biyan kuɗin mota zuwa birni, tsaya mu yi lissafi.

Saƙon lantarki yana tafiya a cikin waya da gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Sauti a iska kuwa kusan mita 343 kawai yake ci a daƙiƙa. Jinkirin da ƙarin mita 3 na waya ke jawowa kashi 15 ne cikin biliyan na daƙiƙa, kuma a wannan ɗan lokaci tafiyar da sauti zai yi ba ta kai kaurin silin gashi ba. Ɗan karkata kanka a kan kujera ma ya fi wannan tasiri nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kaurin waya. Kowace waya tana tauye wani abu daga ƙarfin da ke bi ta cikinta, kuma tauyewar tana ƙaruwa idan ta yi tsawo ko ta yi siriri. Yawancin lasifikokin gida om 4 zuwa 8 ne, za ka ga an rubuta a bayansu. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5, irin wadda masu haɗa wutar gida suka sani, ko ta kai mita 10 abin da take ci kusan kashi 3 cikin 100 ne a kan lasifika mai om 8, kunne ba ya kama shi. Amma siririya mai 0.5 a kan mai om 4, a wannan tsawon za ta ci kusan kashi 15, sai ka ji gefe ɗaya ya yi sanyi.

Saboda haka ga abin da za ka kiyaye. Yi amfani da waya iri ɗaya, mai kauri, a duka ɓangarorin. Ka kankare bakinta kafin ka biya: idan cikin ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma bai kai shi ɗaukar wuta ba. Ka haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, domin idan aka juya gefe ɗaya amon ganga zai dushe. Ka murɗe silin wayar sosai. Guda ɗaya ya taɓa maƙwabcinsa yana iya ƙona amfilifaya, asarar da ta fi kuɗin wayar ninkin ba ninki.

Rarar waya da aka naɗe a bayan kujera ba ta ƙara komai, sai tara ƙura da ba ɓera abin ci, ga yaro mai rarrafe ya ja ta lasifika ta faɗo masa. Ka yanke kowace daidai buƙatarta, ka manna ta a bango. Idan kana son sauti ya daidaita, lasifikokin za ka matsar har nisansu da mazauninka ya zo ɗaya.

Kai ma ka taɓa cin karo da wannan gardama? Faɗa mana yadda kuka kwashe.