Sabon Fenti, Tsohuwar Tsatsa

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Sabuwa ya san yadda ake yi bayan kaka. Maigida ya sayar da masara, ya sayi siminti, ya kira magini a yi wa katangar waje filasta. Cikin kwana kaɗan gida ya fito fes, mai wucewa ya ɗauka ginin bulo ne. To amma idan maginin bai kankare gindin bangon da ruwa ya ci ba, bai gyara indararon da ke zuba a jikinsa ba, to rufa-rufa aka yi. Yaɓen ƙasa yana barin danshi ya fita idan rana ta buɗe, siminti kuwa riƙe shi yake yi. Ƙasar da ke ciki ta yi ta narkewa tana rabuwa da filastar, har kogo ya samu a tsakani. Shi ya sa dattijon da ya san gini ba ya tsayawa kallon bango, ƙwanƙwasawa yake yi ya saurara. Wanda bai ƙwanƙwasa ba, markar Agusta ce za ta sanar da shi, wani lokaci cikin dare, da mutane a kwance.

Haka tsohuwar mota take idan ta fito daga hannun mai fenti tana sheƙi.

Yankinmu ya daɗe yana cin moriyar tsofaffin motoci. Peugeot 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barinta. Ke nan wadda ta fi kowace ƙuruciya a cikinsu ta kai kimanin shekara 20. Akori-kura da J5 sun kwashe hatsin wannan yanki zuwa Dandume da Funtuwa, sun kai dabbobi kasuwar Sheme, sun ɗauki amare da marasa lafiya. Bayansu aka samu na hannu da ake kawowa daga Turai da Amurka, da yawa ta Kwatano, kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Kowace daga cikinsu tana ɗauke da tarihinta a ƙarƙashin fenti.

Tsatsa ba ta bukatar komai sai ƙarfe da iska da ruwa, gishiri kuma ya ƙara mata sauri. A ƙasashen da ƙanƙara ke rufe titi, irin su Kanada da arewacin Amurka da Jamus, gishiri ake watsawa don ta narke, shi ya sa mota kan iso mana da ƙasanta a cinye alhali samanta lafiya lau. Mu ma muna da namu gishirin. Takin zamani da ake lodawa gabanin damina yana zuba a lungunan bodi, ya ja danshi, ya ci ƙarfe. Fitsarin dabbobi haka. Lakar hanya kuma takan cushe a bayan madigadi ta yi makonni ba ta bushe ba. Daga ciki ɓarnar ke farawa, inda ido ba ya kaiwa, kamar dai gindin bangon nan.

Gyara na gaskiya sananne ne, kuma akwai masu yin sa. A yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a yi walda da faranti mai kauri daidai da na asali, a goge, a shafa jan fentin hana tsatsa ciki da waje. Sannan a sa fila siririya don ta daidaita 'yan ramukan da guduma ta bari, sannan fenti. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi. Mai gaggawar sayarwa kuwa sai ya ce a rufe kawai. A cusa guntun kwano ko raga, wani lokaci har da kwali, a lafta fila mai kaurin yatsa, a goge da samfefa, a fesa fenti. A watsa baƙin mai a ƙasan motar don kome ya zama baƙi ɗaya. Filar nan, idan ruwa ya same ta ta baya, tsotse shi take yi ta riƙe a jikin ƙarfe. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, don haka tana turo fentin waje. Damina ɗaya ko biyu sai ka ga ƙuraje a gindin ƙofa da gefen gilashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da fenti ya fashe, ruwa ya samu ƙofa, ɓarnar ta ninka.

Da a ce muni ne kawai, da da sauƙi. Amma akwai wuraren da ƙarfen mota ke ɗauke da nauyi: shasi, inda sifirin ya kama, inda shokozoba ta ɗaure, dakalin da ke ƙarƙashin ƙofa, da ƙasan da kujeru ke zaune a kai. Fila ba ta ɗaukar nauyi, kamar yadda filasta ba ta riƙe azara. Akori-kurar da aka labta wa buhunan masara, mutane suka hau kai, idan ta faɗa rami mazaunin sifirin ya ɓalle, ba wanda zai tuna da kyan fentinta. Kuma kowa ya san a wannan zamani akwai hanyoyi a tsakanin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara da ba wanda ke fatan mota ta tsaya masa a kansu ko da rana tsaka.

Wannan algus ba namu ba ne mu kaɗai. A Turai da Amurka, inda masu sha'awa ke biyan kuɗi masu yawa don mallakar motocin da, har da 504 ɗin nan, gogaggen mai saye yakan fi tsoron wadda aka yi wa sabon fenti a kan wadda ke da tsohon fentinta na kamfani. Suna zuwa da ƙaramar na'urar auna kaurin fenti, domin na kamfani bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, kuma sukan nemi hotunan aikin kafin a rufe shi. Mu ba sai mun sayi na'ura ba. Mayen ƙarfen da aka ciro daga tsohuwar sifika ya isa: naɗe shi a ƙyalle, ka bi jikin motar da shi, inda ya ƙi kamawa akwai fila mai kauri. Ka ƙwanƙwasa da yatsa, ƙarfe yana amsawa da ƙara, fila kuwa da dum. Ka ɗaga kafet, ka cire tayar safaya ka duba mazauninta. Ka kai motar kan rami, ka shiga da tocila da sukurdireba, ka soki duk inda ka yi shakka. Ka duba ko fenti ya taɓa robar gilashi, ko tazarar ƙofofi ta bambanta. Ka yi duk wannan da rana, ka kuma tafi da makanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Mai motar da ya hana ka ɗaga kafet ya riga ya ba ka amsa.

Ga mai sayarwa da dillali, hukuncin ba ɓoyayye ba ne. Malamanmu na Malikiyya sun karantar cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayar da ita idan aibin ya bayyana. Faɗin "an yi mata walda a nan, ƙasanta na bukatar aiki" zai rage farashi, amma abin da ya saura halal ne. Ga mai gyaran bodi kuma, hannunka ne ya rufe ramin, don haka cewa "maigida ne ya sa ni" ba zai wanke ka ba. Ƙungiyoyin masu sana'ar da na direbobi suna iya sa doka a tsakaninsu: kada a sa fila sai mai mota ya ga ƙarfen da idonsa, kada a ɗora lodi a tasha kan motar da shasinta ya ruɓe.

Mai saye da mai sayarwa su biyu ne suka yi ciniki, amma waɗanda za su hau motar ranar kasuwa ba a shawarce su ba. Matar da ke kai jinya Funtuwa da yaron da ke zaune a kan buhu sun biya kuɗin mota ne bisa amanar cewa ƙarfe ne a ƙarƙashinsu. Haƙƙinsu yana wuyan duk wanda ya ga tsatsar ya yi shiru.