Inhelar asma: yadda za ka san saura nawa a ciki

Da hunturu ya kankama a Dugabau da sauran garuruwan Kabo da Gwarzo, ga ƙura, ga ƙaiƙayin sussuka, ga hayaƙin icen girki, masu ciwon asma sun shiga lokacin da ya fi ba su wuya. Inhela ba ta barin aljihu. Amma tambayi mai riƙe da ita saura nawa a ciki, da wuya ya ba ka amsar da shi kansa ya tabbatar.

Wasu kan girgiza ta kusa da kunne, in sun ji motsin ruwa su ce da saura. Wasu su danna a iska, su ga farin tururi, hankali ya kwanta. Duk biyun ba shaida ba ne. Abu biyu ne a cikin ɗan gwangwanin nan: maganin kansa, wanda kaɗan ne ƙwarai, da gas da aka matse ya zama ruwa, wanda aikinsa kawai turo maganin. Ventolin, mai sinadarin salbutamol, an auna mata fesa 200 ne, kowace da maikrogiram 100. Kamfani kan zuba ƙari don awon ya tsaya daidai har fesa ta ƙarshe, shi ya sa bayan ta 200 gwangwanin zai ci gaba da motsi, ya ci gaba da huci. Abin da ke fitowa daga nan babu tabbas: wata fesar da magani, wata rabi, wata kusan gas zalla. Wanda numfashi ya sarƙe masa da tsakar dare, asibiti kuma da nisa, a wannan giɓin yake faɗawa. Tsohuwar dabarar jefa gwangwani a ruwa a ga ko zai nutse ita ma an daina ba da shawararta, don ba ta faɗin gaskiya, kuma ruwa na iya toshe bakin.

Kamfanin Riker na Amurka ne ya fito da irin wannan inhela a 1956, aka shafe shekaru da dama ana amfani da ita a makance. Sai a 2003 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta nemi masu ƙera sababbi su sa musu maƙirgi, 'yar taga mai lamba da ke raguwa da kowace dannawa har sifili. Akwai sharaɗi guda da ya burge ni: in ma maƙirgin zai yi kuskure, to kada ya taɓa nuna da saura alhali babu. Gara a yi asarar fesa biyu da a yaudari mara lafiya.

A wurinmu launi ya fi lamba amfani. Seretide Accuhaler, mai garin magani, tana farawa daga 60, biyar na ƙarshe kuma su fito da ja. Tsohuwar da ba ta karanta lamba tana gane ja, yaro ma haka. Abin takaici, Ventolin da ake sayarwa a Amurka tana da maƙirgi, wadda aka fi gani a kemis ɗinmu kuwa ba ta da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 na da asma a 2019, 455,000 suka mutu, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Inda aka fi mutuwa, nan aka fi rasa wannan 'yar taga. Tun da kamfanin GSK, mai yin Ventolin, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina kasuwanci da kansa a Najeriya, farashi ya tashi, wanda ya sayi inhela da ƙyar kuwa ba zai yar da ita tana motsi ba. Ba a ganin laifinsa. Masu shigo da magani da NAFDAC su ne ya kamata su fifita mai maƙirgi.

Kafin nan, ƙirga ya koma hannunka. Inhelar rigakafi, wadda ake shaƙa kullum, lissafinta mai sauƙi ne: mai fesa 120, biyu da safe biyu da dare, kwana 30 za ta yi. Rubuta ranar ƙarewa a jikinta tun ranar da ka buɗe. Shuɗiyar inhela ta gaggawa, irin Ventolin, ta fi wuyar bi, tunda sai buƙata ta taso ake ɗaukowa. Liƙa 'yar takarda a kwalinta, ka ja zane kowace fesa, har da wadda ka yi a iska don gwaji. In yaro ne, uwa ko yaya ta riƙe masa lissafin. Ka kai 180, fara neman wata.

Ƙirgan na da wani amfani kuma. Jagoran kula da asma na duniya, GINA, ya nuna cewa ƙarar da shuɗiya uku ko fiye a shekara na tafe da ƙarin haɗarin mummunan tashin ciwo. In ka kai haka, je Babban Asibitin Gwarzo ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a duba ko kana buƙatar ta rigakafi. In kuwa ka fesa numfashi bai saki ba, magana ma tana gagara, kada a tsaya neman wata inhelar a maƙwabta, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take.