Da Keke a Tsaunin Mambila

Mai sauraro, in kana son gwada ƙwarinka a kan keke, nufi tsaunin Mambila a jihar Taraba, daf da iyakar Kamaru. Titin kwalta ya taso daga Serti ya bi Mayo Selbe, sai hawa mai kwana-kwana zuwa Maisamari, Nguroje, har Gembu, wajen mita 1,600 sama da teku. In turbar ƙasa kake so, ratse wajen gonakin shayi na Kakara.

Amma fa ka bari sai Nuwamba zuwa Fabrairu, don da damina taɓo da hazo kan tsayar da tafiya. Duba birkinka kafin gangara, nan hatsarin yake. Riƙe rigar sanyi, famfo da faci, kuma kar dare ya riske ka a hanya.